Tun yaushe muka raba gari da laka?

Tunda buhun siminti ya haura naira 10,000 a 2024 maganar ta ƙi mutuwa, daga Agege har Mile 12 a nan Legas in ka zauna a majalisa sai ka ji ana cewa yanzu talaka da gina gida sai dai a mafarki, wasu kuma zafin ɗakunan bulo ne ya ishe su. To jama'a abin nan ba yau ya faro ba.

Kowa ya san tarihin ai. Mutanen Nok suna gasa yumɓu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya duk da ƙasa aka gina su, ko nan kudu benen Badagry na 1845 da jan bulo aka yi shi.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne 1975. Kuɗin mai ya shigo, aka yi odar siminti daga waje kusan tan miliyan 20, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa wata da watanni, har wani simintin ya daskare a cikin jirgi. Mutane suna tuna asarar kuɗin, ni kuwa abin da ya fi ci min rai shi ne abin da ya biyo baya a zukatanmu. Daga nan gidan bulo ya zama shaidar arziki, gidan ƙasa ya koma abin kunya, wanda ya zo Ikko ci-rani ya samu ɗan abin hannu in ya koma gida farkon aikinsa ya rushe soron mahaifinsa ya sa bulo da kwano. Yaron magini da ya kamata ya koyi kwaɓa birji da murza tubali da jera azara da shafa makuba sai ya koma lebura a wajen masu buga bulo, kuma wallahi sana'a in ta tsallake ɗa ɗaya da wuya jika ya same ta.

Alhali katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyi kamar yadda randa ke yi wa ruwa. Eh na yarda ɗanyen tubali ba zai jure ruwan Legas ba, amma gasasshe fa? Jar ƙasa tana nan jibge a Ogun, masu iya gasa ta da jera ta ne suka yi ƙaranci, shi ya sa ko ka ce jan bulo kake so kuɗin aikin ma kaɗai sai ya kore ka.