Wane ne mulhidi, wane ne kuma ba shi ba?

A da, kalmar mulhidi sai a bakin malaman zaure, su ma sai karatu ya yi nisa. Yanzu ta sauko kasuwa. Ana jin ta a teburin mai shayi a Ringim da Bichi, ana rubuta ta a Facebook, ana jefa ta cikin musu kamar yadda ake jefa "ɗan iska". Yaro ya dawo hutu daga jami'a a Dutse ko Wudil, ya ce ruwan sama tururi ne da ya taso daga teku, sai wani dattijo ya girgiza kai ya ce boko ya fara mayar da shi mulhidi. Malamin gona ya ce hukumar hasashen yanayi ta ce bana damina za ta makara, a jinkirta shuka, sai a ce ya fara kutse cikin gaibu.

Mulhidi, a ma'anar da ake nufi yau, shi ne mutumin da ya ce babu Allah sam: babu mahalicci, babu mai gudanar da duniya, abin da ake gani da wanda ake iya aunawa shi ne iyakar abin da yake akwai. Aƙidar tasa ita ce ilhadi. A Larabcin farko kalmar ta fi haka faɗi, tana nufin karkacewa daga hanya, kamar yadda ta zo a suratul A'arafi aya ta 180 a kan masu karkata cikin sunayen Allah, waɗanda kuwa ba su musanta samuwarsa ba. Masu cewa babu mahalicci, magabata sun fi kiran su Dahariyya, daga aya ta 24 ta suratul Jasiya, inda wasu suka ce ba abin da yake halaka su sai zamani. Saboda haka in ka ga tsohon littafi ya kira wani mulhidi, sai ka duba me ake tuhumarsa da shi. Abubakar al-Razi, likitan nan da ya rasu wajen shekarar 925, wanda ya bambance agana da ƙyanda a rubuce, an jefe shi da wannan suna saboda maganganun da aka jingina masa a kan annabci, alhali ya yarda akwai mahalicci.

To a ma'anar yau, Kirista ba mulhidi ba ne. Bamaguje ma haka. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya tarar sun san Allah shi ne sama da kowa, sai dai harkarsu ta yau da kullum da iskoki suke yi. Malamai suna da sunan da suke kiran wannan, shirka, amma mai shirka ƙara wa Allah abokan tarayya ya yi, bai ce babu shi ba. Wanda ya bar Musulunci ya koma wani addini ridda ya yi. Wanda yake wasa da salla mai sakaci ne. Akwai kuma 'yan ban-sani-ba, waɗanda Larabawa suke ce wa la'adriyya, masu cewa hankalin ɗan Adam ba zai iya yanke hukunci ko akwai Allah ko babu ba. Charles Darwin kansa, masanin halittun nan ɗan Ingila, wanda matasa da yawa suke ɗauka shi ne limamin mulhidai, a nan ya ajiye kansa: a wata wasiƙa ta 1879 ya ce bai taɓa zama mai musun samuwar Allah ba.

Abin da ya yaɗa kalmar a ƙasar Kano ba karatu ba ne, shari'ar Mubarak Bala ce. Ya bayyana barin addini a 2014, aka kama shi a Kaduna a Afrilun 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a Afrilun 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Abin lura, tuhumar ta tsaya ne a kan rubutun da aka ce zai iya tada zaune tsaye, ba a kan abin da ke cikin zuciyarsa ba, domin sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini. Tun daga lokacin sunan ya zama abin da zai iya raba mutum da danginsa, ko ya tara masa jama'a a ƙofar gida. Sunan da yake da wannan nauyi, a ganina, ba na liƙa wa malamin gona ba ne.

Inda aka fi ruɗewa shi ne batun sababi. Kimiyya aikinta ɗaya ne, ta binciko yadda abu yake jawo abu. Ɗauki ruwan sama. Iska mai laima tana tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, busasshiyar iska kuma tana gangarowa daga Sahara, kuma layin da suke haɗuwa yana hawowa arewa a hankali bayan tsakiyar bazara. Shi ya sa Ikko take samun ruwa tun muna fama da zafi, Doguwa da Tudun Wada su riga Maigatari da Birniwa shuka da makonni. Wanda ya faɗi wannan bai ce uffan a kan wanda ya tsara iskar ba.

Na san abin da ɗalibi zai taso da shi. Zai ce: Allah gafarta Malam, ina hadisin Hudaibiyya, da aka ce wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza ya kafirce? Hadisin ingantacce ne. Amma Imamu Shafi'i ya yi masa bayani tun tuni: wanda yake nufin tauraron ne ya saukar da ruwan, shi ne ya kafirta, wanda kuwa yake nufin lokacin fitowar tauraron shi ne lokacin ruwa, kamar ya ce an yi ruwa a wata kaza, bai kafirta ba. Kakanninmu da suke duban Kaza da 'Ya'yanta, ko su ga gawo ya fara zubar da ganye su ce damina ta ƙarato, ba wanda ya taɓa kiran su mulhidai. Mai na'ura a tashar hasashen yanayi abin da suke yi yake yi, illa dai ya fi su kayan aiki.

Malaman tauhidi sun daɗe da yi wa wannan fage suna. A karatun da aka gada daga Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, hukunci uku ne: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ka ga abu biyu suna zuwa tare sau da yawa, wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, taki da yabanya mai kyau, ka ƙulla tsakaninsu. Duk abin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje a nan ya faɗa. Inda malamai suka rabu shi ne mene ne ainihin ƙullin. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce in wuta ta taɓa auduga Allah ne yake halittar ƙunar a daidai lokacin, wutar ba ta da tasirin kanta. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da cewa wanda ya soke sababi ya soke ilimi gaba ɗaya. Ibn Taimiyya ya ce Allah ya sanya wa wuta ƙarfin ƙonawa na gaske, kuma ƙarfin yana ƙarƙashin ikonsa. Har yau za ka ji ɓurɓushin wannan saɓani tsakanin malamin ɗariƙa da na Izala a gari ɗaya. Amma a cikinsu duka babu wanda ya ce kada a nemi sanin me ke ƙona me. Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa, da aka ce ko gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Gazalin nan dai shi ya yi gargaɗi mafi zafi ga masu kare addini da jahilci. Ya kawo misalin husufi, ya ce masana lissafi suna faɗin ranarsa da tsawonsa tun kafin ya zo, in ka ce musu wannan ya saɓa wa addini, ba lissafinsu za su yi shakka ba, addinin za su yi shakka. Waɗanda suka ga husufin ranar 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a Katsina da Gusau, mu ma nan rana ta dusashe, za su tuna rediyo ta sanar tun kafin ranar. An yi sallar husufi, lissafin kuma bai kuskure ba.

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa ruɗin. Akwai matashin da ya karanta shafi biyu a intanet ya ce kimiyya ta tabbatar babu Allah. Ba ta tabbatar ba, kuma ba ta da ma'aunin da za ta tabbatar. Tun farko ta iyakance kanta ga abin da ake iya aunawa a maimaita, don haka shirunta a kan Allah sharaɗin aikinta ne, ba sakamakon bincike ba. Mudu ba ya auna nisan tafiya, wannan kuwa bai nuna babu nisa ba. A 1979 mutum uku suka raba kyautar Nobel ta fiziks a kan aiki guda. Ɗayansu, Steven Weinberg, mulhidi ne da bai ɓoye ba. Wani kuma, Abdus Salam ɗan Pakistan, mai imani da Allah ne da ya karanta ayar Alƙur'ani a jawabinsa na bikin. Lissafinsu ɗaya, sun rabu a abin da lissafi bai kai ba. Wani bincike da cibiyar Pew ta yi a 2009 tsakanin masana kimiyya na Amurka ya nuna kashi 33 cikin ɗari sun yi imani da Allah, 18 sun yarda da wani iko na sama, 41 ba su yarda da ko ɗaya ba. Rashin imani ya fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a, wannan gaskiya ce, amma ba bakinsu ɗaya ba.

Ni kuma ba na jin daɗin ɗabi'ar nan ta rataya imani a kan kowane sabon bincike, irin faifan bidiyon da ake turawa a WhatsApp cewa Turawa sun gano kaza, ga shi aya ta faɗa. Wanda ya fara kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga wani mafari, a 1927 da 1931, fada ne na cocin Katolika ɗan Beljiyam, Georges Lemaître. Da Fafaroma ya so ya kafa hujja da binciken a 1951 cewa an tabbatar da halitta, Lemaître bai so hakan ba. Ya san bincike yana canzawa, kuma wanda ya ɗaure imaninsa a jikinsa, ranar da aka gyara lissafi sai ya rasa madafa.

Hujjojin mulhidai na gaske ma yawancinsu ba daga ɗakin gwaji suka fito ba. Mafi ƙarfinsu ita ce ta wahala: in akwai mai iko mai jinƙai, me ya sa ambaliya irin ta 2022 za ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Auyo da Haɗeja, ta tafi da ƙananan yara? Kimiyya za ta gaya maka yawan ruwan da ya sauka, da halin madatsun Tiga da Challawa, da yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin kogi. Ba za ta gaya maka ko akwai hikima a ciki ko babu ba. Mumini zai ce duniya gidan jarrabawa ce, hisabi yana gaba. Mulhidi zai ce wannan rarrashin kai ne. Sai su koma kan mafari: mumini ya ce duk fararren abu sai da mai farar da shi, mulhidi ya ce me zai hana duniyar ita ce ba ta da mafari, ko ta samu haka kawai. Wannan musu na falsafa ne, ya girmi na'urar hangen nesa da ɗaruruwan shekaru.

Wuri ɗaya da ake gogayya ta gaske, kuma bai kamata a shafa masa mai ba, shi ne juyin halitta, wato bayanin cewa masu rai suna sauyawa a hankali daga zuriya zuwa zuriya har sabon jinsi ya fito daga tsoho. Wani yanki nasa kowa ya gani da idonsa. Kulorokwin da ya yi shekaru yana maganin zazzaɓin cizon sauro ya daina aiki har gwamnati ta sauya magani a 2005, domin ƙwayoyin cutar da suka jure masa su suka rayu suka hayayyafa. Haka ƙwarin wake suke saba wa maganin feshi, haka masu binciken noma a Samarun Zariya suke fitar da irin da yake nuna da wuri. A nan babu gardama. Gardamar tana kan mutum. Masana halittu sun haɗu a kan cewa ɗan Adam da manyan birai kaka ɗaya suka haɗa miliyoyin shekaru da suka wuce, ba wai biri ne ya rikiɗe ya zama mutum ba kamar yadda ake faɗa a majalisa. Mafi yawan malamanmu kuwa sun tsaya a kan cewa an halicci Annabi Adamu kai tsaye, ba uwa ba uba. Akwai Musulmin da suka karɓi bayanin a kan dabbobi da tsirrai suka keɓe Adamu, akwai 'yan kaɗan da suka yi wa nassin tawili, akwai waɗanda suka ƙi abin ɗungurungum. Dukkansu ukun suna salla sahu ɗaya, kuma saɓaninsu a kan fassarar nassi ne da ƙarfin hujjar ƙasusuwa da ƙwayoyin gado, ba a kan ko akwai wanda ya yi halittar ba.