Shawo kan cututtukan numfashi masu yaɗuwa a manyan makarantun Legas

Shawo kan cutar numfashi a makaranta na nufin matakan da hukumar jami'a ko kwaleji ke ɗauka daga ranar da ɗalibi na farko ya kwanta har zuwa ranar da aka daina samun sabbin masu kamuwa. Cututtukan sun haɗa da mura mai tsanani, korona, ƙyanda da ƙaranbau. Ƙwayar bairos ce ke kawo su, suna kuma bin iska ta tari, atishawa da magana. Ƙyanda ta fi saurin yaɗuwa, domin ƙwayarta kan daɗe har awa 2 a ɗaki bayan mai ita ya fita.

Abin da ke wahalar da aikin a Legas shi ne cunkoso. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba su isa ba, shi ya sa ɗakin mutum huɗu kan ɗauki fiye da haka idan aka haɗa da 'yan raɓe, waɗanda sunansu ba ya cikin rajista. Sauran ɗalibai a gari suke kwana, su zo lacca a danfo, kafaɗa da kafaɗa. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo maƙwabciyar Alaba Rago ce, Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas kuma tana Idi-Araba, duk wuraren da Hausawa ke da yawa. Mai shayi da mai gyaran takalmi na bakin ƙofa suna cuɗanya da ɗalibai kullum, don haka katangar makaranta ba ta tare cuta.

Matakin farko shi ne gane cutar da wuri, kuma nan ake yawan yin sake. A Najeriya kusan kowane zazzaɓi sunansa maleriya. Ɗalibi zai je kemis ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro, ya haɗa da antibayotik (wanda ba ya taɓa bairos ko kaɗan), ya ci gaba da shiga aji kwana uku yana tari. Asibitin makaranta mai lura yakan rubuta duk wanda ya zo da zazzaɓi da tari tare da lambar ɗakinsa. Idan mutum uku ko huɗu suka fito daga bene ɗaya cikin mako guda, sai a yi gwaji, a sanar da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, ita kuma ta sanar da NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa.

Daga nan sai rabuwa, iri biyu. Wanda aka tabbatar yana da cutar ana keɓe shi a ɗaki dabam, a riƙa kai masa abinci. Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi kuwa ana killace su, a sa musu ido na tsawon lokacin da cutar kan ɗauka kafin ta bayyana. Ga mura kwana 1 zuwa 4 ne, ga korona kuma kwana 14 aka riƙa ƙirgawa a farkon annobar. Nan ne 'yan raɓe ke zama matsala: tsoron kora kan sa abokan ɗaki su ɓoye su. Makarantar da ta yi alkawarin ba za ta hukunta kowa ba, kuma ta yarda marar lafiya ya rama jarrabawa, ita ta fi jin gaskiya daga bakin ɗalibai. Ana kai mai asma, mai sikila da wanda numfashi ke masa wuya babban asibiti ba tare da jira ba. Sauran matakan sanannu ne: takunkumin baki da hanci, wanke hannu, rigakafi, da buɗe tagogi, wanda ya fi arha amma aka fi mantawa da shi.

Korona ce ta gwada wannan tsari a aikace. An tabbatar da mutum na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, ɗan Italiya, a ɗakin gwajin asibitin koyarwa na Idi-Araba, aka kwantar da shi a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba. A watan Maris Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantu, aka kulle Legas daga ranar 30 ga watan, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata 9 kuma ya sa yawancin jami'o'in gwamnati zama a rufe har ƙarshen shekara. Allurar rigakafi ta fara isowa ƙasar ranar 2 ga Maris 2021.

A watan Yulin 2021, lokacin da nau'in korona na Delta ya ɓulla, an samu ɗalibai masu cutar a Jami'ar Legas da ke Akoka. Majalisar jami'ar ta umarci kowa ya bar ɗakunan kwana ranar 15 ga watan, karatu ya koma intanet. Irin wannan mataki yana rage cunkoso nan take, amma yana da nasa haɗarin. Ɗalibin da iyayensa ke Agege zai koma gidan haya mai ɗaki ɗaya ko biyu, wanda gidansu ke Kano kuwa sai ya kwana a mota da fasinjoji masu yawa, ya sauka gaban kakanninsa. Saboda haka masana lafiyar jama'a suka fi son a gwada ɗalibai, a riƙe masu cutar har su warke, kafin a sallami sauran.