Wai "greenhouse" ɗin nan koren gida ne?

Tunda aka shiga maganar sauyin yanayi da ambaliya, ko'ina ka kunna sai kaji "greenhouse gas". Rannan ina cikin adaidaita naji wani mai gabatarwa a rediyo ya furta ta "green HOUSE", ya danna ƙarshen, har ya ƙara da fassara wai iskar koren gida. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don yara 'yan WAEC suna sauraro kuma haka za su ɗauka.

Mu a Hausa karin sauti ne ke raba kalma, shi yasa kukan yaro daban, kukar miya daban. Su kuma Turawa gaɓa ɗaya suke dannawa tafi sauran ƙarfi da tsayi. In kalma biyu suka haɗe suka zama sunan abu guda, yawanci ta farko ce ke ɗaukar nauyin. To "green HOUSE" gida ne kawai da aka shafa wa koren fenti, amma "GREENhouse" ɗaki ne na gilashi ko leda da ake renon tsirrai irin tumatir a ciki, rana ta shiga zafi ya kasa fita, kuma shi kanshi ɗakin ba kore bane, ganyen da ke ciki ne ya jawo mishi sunan. Daga nan aka aro kalmar aka saka wa iskar da ke riƙe zafi a sararin sama, irin wadda hayaƙin mota da janareto ke fitarwa.

Ai muma muna da irinsa. In ance soja ya mari farar hula babu wanda zai tambayi launin hular, ƙila ma mutumin kanshi ba hula. Haka "BLACKboard", ko allon ajin kore ne sunansa kenan. Fadar shugaban Amurka ma "WHITE House" ce, in ka danna ƙarshen ka koma zancen kowane farin gida a unguwa.



Ni dai na fi son a bar Turancin gaba ɗaya a shirin Hausa, a ce iska mai ɗumama duniya, manomin da ruwa ya cinye wa gona zai gane nan take.