Ƙungiyar ƙwadago ta matuƙa jiragen sama

Ƙungiyar ƙwadago ta matuƙa jiragen sama ƙungiya ce da matuƙan kamfani ɗaya, ko na kamfanoni da dama, suke kafawa domin ta yi magana da kamfani a madadinsu kan albashi, sa'o'in aiki, hutu, fansho da ladabtarwa. A Amurka da Kanada da yammacin Turai, yawancin matuƙan manyan kamfanoni 'yan ƙungiya ne, duk da cewa suna cikin ma'aikatan da suka fi ɗaukar albashi mai tsoka. Akwai kamfanonin da matuƙansu suka kaɗa ƙuri'a suka ce ba sa so, akwai kuma ƙasashen da doka ba ta ba da damar kafa ƙungiyar ƙwadago ba, kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Asali

Tsoron mutuwa ne ya fara haɗa kan matuƙa, kafin maganar kuɗi. A watan Yuli na 1919 matuƙan jiragen wasiƙa na gwamnatin Amurka suka daina aiki, bayan an kori biyu daga cikinsu saboda sun ƙi tashi cikin hazo. A 1931 David Behncke, matuƙi a kamfanin Boeing Air Transport, ya tara abokan aikinsa a Chicago suka kafa ƙungiyar ALPA, wadda a yau ita ce mafi girma a duniya a wannan sana'a. A ɓoye aka yi shirin, har ana kiran wakilan da haruffa maimakon sunayensu, don kada kamfanoni su gane su su sallame su. Shekara ɗaya bayan haka attajiri E. L. Cord ya zabtare albashin matuƙan kamfaninsa na Century Airlines, aka yi rikicin da ya kai sunan sabuwar ƙungiyar gaban majalisar dokoki. A 1934 hukumar ƙwadago ta ƙasar ta tsara yadda za a riƙa lissafa albashin matuƙa, ta kuma ƙayyade sa'o'i 85 na tashi a wata. Birtaniya ta sami BALPA a 1937, aka kafa haɗakar ƙungiyoyin duniya, IFALPA, a 1948, Jamus kuma ta sami Vereinigung Cockpit a 1969.

Jerin daɗewa a aiki

Ba za a fahimci lissafin da matuƙa suke yi ba sai an san wannan jeri. A yawancin kamfanonin da ke da ƙungiya, ranar da aka ɗauki mutum aiki ita ce take ba shi lamba, lambar nan kuwa ita take yanke kusan komai: irin jirgin da zai tuƙa, garin da zai zauna, ranakun hutunsa, lokacin da zai tashi daga mataimaki ya zama kyaftin, da kuma wanda za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. Na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita.

Lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Kyaftin mai shekara 20 da ya sauya kamfani a irin wannan tsari zai koma ƙasan jeri, ya zauna a kujerar mataimaki da albashin sabon shiga. Likita ko injiniya da bai ji daɗin wurin aikinsa ba yana iya tattara ƙwarewarsa ya kai gaba. Matuƙi kuwa ɗaure yake da kamfani ɗaya har ritaya. Tunda barin aiki ba makami ba ne a hannunsa, abin da ya rage masa shi ne haɗa kai da 'yan uwansa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa mutanen da da yawansu tsofaffin hafsoshin soja ne, waɗanda ba su da ɗabi'ar zanga-zanga, suka zama cikin ma'aikata mafi riƙo da ƙungiya.

Abin da ake samu

Na farko shi ne yarjejeniya a rubuce. Inda babu ƙungiya, ƙa'idojin aiki suna cikin littafin kamfani, kuma kamfani yana iya sauya su duk ranar da ya ga dama. Inda akwai ta, sauyi sai da ciniki, wanda aka kora kuma yana iya kai ƙara gaban mai shiga tsakani. Ga mutumin da rayuwarsa ta dogara ga lasisi da takardar lafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne: ciwo ɗaya ko kuskure ɗaya a gwaji yana iya raba shi da sana'arsa. Manyan ƙungiyoyi suna da lauyoyi da likitoci da masana binciken haɗari da suke tsaya wa ɗan ƙungiya.

Sai maganar tsaro. Kyaftin da ya san akwai mai kare shi ya fi samun ƙarfin halin cewa ya gaji, ko jirgin nan ba zai tashi ba sai an gyara shi. Bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da birnin Buffalo na Amurka a Fabrairun 2009, wanda ya kashe mutum 50, ƙungiyoyin matuƙa da iyalan mamatan sun matsa wa gwamnati lamba. Daga nan aka fito da dokar sa'o'i 1,500 na tashi kafin mutum ya zama mataimaki a jirgin fasinja, wadda ta fara aiki a 2013, da sababbin ƙa'idojin hutu a 2014. Masu suka suna cewa dokar sa'o'in ta rage yawan sababbin matuƙa, ta haka ta ɗaga albashin na ciki. Da wuya a raba biyun, domin abin da yake kare fasinja a nan shi ne kuma yake kare aljihun matuƙi.

Idan matuƙa sun yi ƙaranci, albashi yana tashi da sauri. Yarjejeniyar da matuƙan Delta suka amince da ita a 2023 ta ƙara musu kashi 34 cikin 100 a tsawon wa'adinta, sauran manyan kamfanonin Amurka kuma suka bi sahu.

Abin da ake biya

Kuɗin ƙungiya shi ne mafi sauƙin gani. A ALPA ya ɗan gaza kashi 2 cikin 100 na albashi. Asarar da ta fi wannan nauyi tana zuwa ne ranar da ƙungiya ta gwada ƙarfi ta sha kaye. Bayan gwamnatin Amurka ta janye hannunta daga tsara kasuwar jiragen sama a 1978, Frank Lorenzo ya kai kamfaninsa na Continental kotun fatara a 1983, ya soke yarjejeniyoyin ma'aikata, ya rage albashi ƙwarai. Yajin aikin matuƙa ya kai shekara biyu, kamfani ya ci gaba da tashi da sababbin matuƙa da waɗanda suka karya yajin. Matuƙan kamfanin Eastern sun mara wa yajin makanikai baya a 1989, a Janairun 1991 kamfanin ya rufe. A Ostareliya, a 1989, matuƙa sun nemi ƙarin kusan kashi 30 cikin 100, suka ajiye aiki gaba ɗaya su fiye da 1,600. Gwamnatin Firaminista Bob Hawke ta kawo jiragen soja da na ƙasashen waje, da yawa daga cikin matuƙan ba su sake komawa kujerunsu ba. Ƙungiya kuma ba ta hana kotun fatara kashe tsarin fanshon matuƙan US Airways, United da Delta ba tsakanin 2003 da 2006.

A Amurka yajin aiki kansa ba a hannun matuƙa yake ba. Dokar ma'aikatan jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta shafi jiragen sama a 1936, ta sa yarjejeniya ba ta mutuwa idan wa'adinta ya cika, sai dai a ci gaba da aiki da ita ana ciniki. Ba a shiga yaji sai hukumar sasantawa ta ƙasa ta sallami ɓangarorin biyu, an kuma jira kwana 30. Ko bayan haka shugaban ƙasa yana iya tsoma baki, kamar yadda Bill Clinton ya yi a 1997, ya tsayar da yajin matuƙan American Airlines mintoci kaɗan da farawa. Saboda haka ciniki yakan ɗauki shekaru.

Akwai kuma rigimar cikin gida. Abin da tsohon kyaftin yake so, wato fansho da albashin manyan jirage, ba shi ne damuwar sabon mataimaki ba. Idan kamfanoni biyu suka haɗe, dole a haɗa jeri biyu su zama ɗaya, nan ne zumunci yake ƙarewa. Bayan haɗewar US Airways da America West a 2005, hukuncin mai shiga tsakani kan haɗa jerin ya fusata matuƙan US Airways har suka fice daga ALPA a 2008 suka kafa tasu ƙungiyar, aka yi ta shari'a shekara da shekaru.

Yadda ake yanke shawara

A Amurka sai rabin matuƙan kamfani sun sa hannu a katin neman zaɓe kafin hukumar sasantawa ta shirya ƙuri'a. Kafin 2010 duk wanda bai kaɗa ƙuri'a ba ana lissafa shi cikin masu cewa a'a. Daga shekarar aka koma ƙirga waɗanda suka kaɗa kawai.

Abin da yakan juya ra'ayi shi ne girman kamfani. Matuƙan JetBlue sun ƙi ƙungiya a 2009 da 2011, lokacin da da yawansu suke ganin suna iya magana da shugabanni kai tsaye, sannan suka zaɓi ALPA a 2014. Na WestJet a Kanada sun ƙi a 2015, suka amince a 2017. Kamfanin Ryanair na ƙasar Ireland, wanda ya shafe shekaru fiye da 30 yana ƙin zama da kowace ƙungiya, ya sauya matsayi a Disambar 2017, bayan ya soke dubban tafiye-tafiye saboda tangarɗar jadawalin matuƙa, ga kuma barazanar yaji gab da Kirsimeti. Matuƙan SkyWest na Amurka kuwa sun ƙi ALPA a 2007, suka ci gaba da wakilcin cikin gida wanda kamfani yake ɗaukar nauyinsa. Masu goyon bayan wannan tsari suna nuna cewa ba sa biyan kuɗin ƙungiya kuma albashinsu bai yi nisa da na takwarorinsu ba. Masu adawa suna amsawa da cewa albashin nan yana bin ma'aunin da ƙungiyoyin wasu kamfanoni suka kafa ne, kuma wakilcin da kamfani yake biya ba shi da ikon kiran yaji.