Ƙungiyar JASON: masana kimiyya masu ba gwamnatin Amurka shawara a asirce

JASON ƙungiya ce ta manyan masana kimiyya da ke ba gwamnatin Amurka shawara kan al'amuran tsaro, musamman yadda za a ci moriyar sakamakon bincike wajen ƙera makamai, leƙen asiri da kare ƙasa. An kafa ta a 1960. Mafi yawan mambobinta malaman jami'a ne waɗanda ke taruwa na wasu makonni a lokacin hutun bazara a La Jolla da ke jihar Kalifoniya, su duƙufa kan tambayoyin da hukumomi suka miƙa musu. Kaso mai yawa na rahotanninsu sirri ne, kuma ƙungiyar ba ta wallafa jerin sunayen mambobinta.

Asali

Jawo masana cikin sirrin soja ya girmi JASON. A Birtaniya kwamitin Henry Tizard, wanda ya fara zama a 1935, shi ne ya tsaya tsayin daka har aka samar da na'urar rada mai gano jiragen sama daga nesa, yayin da a Amurka Vannevar Bush ya jagoranci ofishin binciken yaƙi da aka kafa a 1941. Da yaƙi ya ƙare, yawancin waɗanda suka ƙera bam ɗin nukiliya sun koma jami'o'insu. Harba tauraron ɗan Adam na Sputnik da Tarayyar Sobiyet ta yi a watan Oktoba na 1957 ya tayar wa hukumomin Amurka hankali, aka kafa hukumar bincike ta ARPA a 1958, aka kuma shiga neman hanyar da za a jawo matasan masana fiziks ba tare da an raba su da ɗalibansu ba. Marvin Goldberger, Kenneth Watson da Keith Brueckner suna cikin waɗanda suka aza harsashin ƙungiyar, kuma Goldberger ne shugabanta na farko.

Tun farko aka ɗora ta kan ƙa'ida guda: mambobi ne ke zaɓar sababbin mambobi, gwamnati kuwa nata shi ne kawo tambaya da biyan kuɗi. Amfanin wannan tsari a fili yake, domin malamin da albashinsa ke fitowa daga jami'a, ba daga kamfanin ƙera makamai ba, yana iya duban janar ido da ido ya gaya masa cewa shirin da ake ta zuba wa kuɗi ba zai yi aiki ba.

Yaƙin Biyetnam

A nan ne sunan ƙungiyar ya fi ɓaci. A 1966 mambobinta suka yi nazari kan luguden bama-bamai da ake yi wa Biyetnam ta Arewa, suka nuna cewa bai rage ƙarfinta na ci gaba da yaƙi ba. Madadin da suka gabatar shi ne shingen lantarki: a yayyafa ƙananan na'urori daga jirgin sama a kan hanyar Ho Chi Minh, wadda Biyetnam ta Arewa ke bi wajen kai sojoji da makamai kudu, wasu su rataye a rassan itatuwa suna sauraron muryoyi da ƙarar injin, wasu su soke cikin ƙasa suna jin girgizar tayoyin manyan motoci, dukkansu suna aika saƙo zuwa cibiyar kwamfuta. Sakataren tsaro Robert McNamara ya karɓi shawarar. Sai dai abin da masanan suka yi fatan zai maye gurbin luguden wuta, sojoji sun mayar da shi hanyar zaɓo wuraren da za a jefa wa bam. Mai ba da shawara a ɓoye ba shi da iko da abin da za a yi da ita bayan ta bar hannunsa, ba kuma ya iya fitowa ya yi wa jama'a bayani.

A 1967 mambobi huɗu, ciki har da Freeman Dyson da Steven Weinberg, suka rubuta rahoto kan amfani da ƙananan makaman nukiliya a kudu maso gabashin Asiya. Ƙarshen rahoton shi ne cewa yin hakan ba zai kawo nasara ba, zai ma jefa sansanonin Amurka cikin haɗari, amma da yake taken kawai aka sani tsawon shekaru, mutane da dama sun ɗauka goyon baya masanan suka bayar. Bayan fallasa takardun Pentagon a 1971, wato bayanan sirri na ma'aikatar tsaro kan yaƙin, waɗanda suka bayyana rawar da ƙungiyar ta taka, fushi ya koma kan mambobin, har masu zanga-zanga suka hana ɗaya daga cikinsu, Murray Gell-Mann, gabatar da lacca a birnin Paris a 1972.

Sauran ayyuka

Ba duk aikin ne ya tsaya ga yaƙi ba. A 1982 William Happer ya kawo dabarar haska lesa, wato siririn haske mai ƙarfi, zuwa sararin sama domin ƙirƙirar tauraro na wucin gadi, wanda da shi ake gyara dishi-dishin da iska ke jawo wa madubin hangen nesa. Soja ya riƙe wannan sani a asirce har 1991, alhali masana taurari suna ta fama da matsalar. A yau manyan cibiyoyin hangen taurari suna aiki da shi. Ƙungiyar ta kuma yi nazari kan iskar kabon da ɗumamar yanayi a 1979. A 1995 rahoton da Sidney Drell ya jagoranta ya nuna cewa Amurka za ta iya kula da makamanta na nukiliya ba tare da ci gaba da gwajin fashewa ba, abin da ya ƙarfafa wa Shugaba Bill Clinton guiwa wajen neman yarjejeniyar haramta gwajin baki ɗaya.

Dangantaka da gwamnati ba ta rasa tsami ba. A 2002 hukumar DARPA, wato ARPA bayan sauya suna, ta janye tallafinta bayan ƙungiyar ta ƙi karɓar mutanen da aka so a cusa mata, sai wani ofishi na ma'aikatar tsaro ya ɗauki nauyin. A 2019 ma'aikatar ta dakatar da kwangilar da ake gudanarwa ta hannun kamfanin MITRE, hukumar kula da makaman nukiliya ta ma'aikatar makamashi ta shigo da kwangilar wucin gadi domin aikin waccan shekarar ya gudana.