Me ake nufi da halittun ruwa marasa ƙashin baya?

In ka ji masana muhalli suna maganar halittun ruwa marasa ƙashin baya, to ƙananan abubuwan nan ne da ke rayuwa a ƙasan kogi ko rafi, su dodon koɗi, ƙaguwa, matsattsaku, jatan lande, tsutsotsi, da 'ya'yan ƙwari irin na mazari. Mazarin nan da kake gani yana shawagi ai a cikin ruwa yake fara rayuwa, ya yi watanni yana farautar 'ya'yan sauro kafin ya hau kan ciyawa ya saɓe fata ya tashi. Kifi da kwaɗo da kada ba sa cikin lissafin, su suna da ƙashin baya.

To me yasa ake damuwa da su haka? Na farko dai su ne abincin kifi, tarwaɗa da karfasa duk suna cinsu musamman suna ƙanana, kuma halittun nan su ke cinye ruɓaɓɓen ganye da gansakuka. Amma babban abin shi ne ba su iya guduwa. Kifi in ruwa ya ɓaci sai ya yi gaba, shi kuwa ɗan ƙwaron da ke manne a ƙarƙashin dutse nan zai zauna, ko ya jure ko ya mutu. Kaga in aka saki dagwalon masana'anta cikin dare, kai kuma ka zo da kwalba bayan kwana biyu ka ɗebi ruwa ka kai lab, ƙila ka ga komai lafiya lau don ruwan ya riga ya wuce da dattin, amma ka ɗaga duwatsu ka duba, wanda ya ɓace zai gaya maka abinda ya faru.

Yadda ake binciken ma ba wani tsada. Mutum ya shiga ruwan ya kafa 'yar raga mai ƙananan ido a gabansa, ya riƙa tuƙa ƙasa da ƙafa kamar minti 3, ya juye abinda ya kama a farin faranti ya ware. A Ingila kowane dangin halittun nan da makinsa daga 1 zuwa 10, masu son ruwa mai tsafta da iskar oksijin sosai su ke cin 10, tsutsar laka kuma 1. A Afirka ta Kudu suna da nasu tsarin makin mai suna SASS, har da na 'yan makaranta, miniSASS. Kuma ba yawan ƙwarin ake dubawa ba, yawan ire-irensu ake dubawa. Rafin da ka samu iri ashirin a ciki ya fi wanda ke cike maƙil da jar tsutsa ita kaɗai lafiya nesa ba kusa ba, don ita jar tsutsar nan tana da sinadarin jini irin namu da ke riƙe mata oksijin, shi yasa take jure ruwan kwata.

A Kano wannan ba baƙon zance bane, an daɗe ana kuka da ruwan masana'antun jima da ke gangarawa kogin Challawa, ga kuma Jakara da ke kwasar dattin gari, kuma da ruwan nan ake ban ruwan lambu, wallahi abin yana damuna. A ganina ya kamata irin wannan binciken ya shiga makarantun sakandare namu, raga da faranti ne fa kawai.

Sai dai kar a ɗauka duk na kirki ne. Wani irin dodon koɗi ne ke ɗauke da tsargiya, kuma ya fi yaɗuwa inda dam ko hanyar ban ruwa ta sa ruwa ya kwanta. Baƙin ƙudan da ke jawo makantar kogi shi kuma a ruwa mai gudu yake hayayyafa. Da aka fara feshin kashe 'ya'yansa a kogunan Afirka ta Yamma a shirin yaƙi da cutar da aka buɗe a 1974, sai da aka sa masana suna bibiyar sauran ƙwarin da kifi, ana sauya magunguna don kar garin kashe ƙuda ɗaya a kashe kogin gaba ɗaya. Nijar na cikin ƙasashen farko na shirin, kuma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da cutar, ita ce ta farko a Afirka.