Waiwaye: Me Ya Sa Taswira Ba Ta Raba Rigimar Katanga?

Duk lokacin da maganar rigimar katanga tsakanin maƙwabta ta taso, sai mutane su rabu gida biyu: masu cewa a garzaya kotu, da masu cewa a zauna a sasanta. Kowane ɓangare kuma yana ɗaga takarda sama, wai ga taswira nan, ita za ta raba gardama.

Rigimar ta daɗe. A tsohuwar Masar, ambaliyar Kogin Nilu kan shafe iyakokin gonaki, sai masu awo su fito da igiya su sake ja. Rumawa har biki suke yi wa dutsen iyaka duk ranar 23 ga Fabrairu.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wanda ya faru a Ingila. A 1862 aka yi dokar rajistar filaye, aka ce duk mai son yin rajista sai an tantance iyakarsa daidai wa daida, an kuma sanar da maƙwabtansa. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma ka ɗauki mutum biyu da suka shekara talatin da shinge a tsakaninsu, babu wanda ya taɓa tambayar ko iyakar tana tsakiyar shingen ne ko a gefensa. Ran da sanarwa ta iso, dole kowa ya ja daga, don kada shirunsa ya zama sallamawa. Aka tayar da rigingimun da ke barci, kuɗin lauya ya fi ƙarfin ɗan zirin ƙasar da ake jayayya a kai, mutane suka ƙaurace wa rajistar.

Sai a 1875 sabuwar doka ta sauya hanya: taswirar rajista ta nuna iyaka a dunƙule kawai, ainihin layin kuwa a bar shi a buɗe. Dokar 2002 ma ta riƙe wannan ƙa'ida. Wato da gangan aka hana taswirar zama alƙali. Ko ba doka ma, lissafi ya isa: a taswira mai ma'aunin 1:1250, milimita ɗaya daidai take da mita 1.25 a ƙasa. Kaurin layin alƙalami kaɗai ya haɗiye taku ɗayan da ake kumfar baki a kansa.

Ƙasashe sun bambanta, wasu na dogara da turakun safiyo da aka kafa a kusurwoyi. Su ma mai haƙa harsashi kan tumɓuke su.

Shi ya sa masu sasanci kan fara da tsofaffin hotuna, da gurbin tsohon shinge, da wanda ya saba gyara shi. Daga nan maƙwabtan su ɗauki safiyo ɗaya, su raba kuɗinsa, a kafa turaku suna tsaye, su sa hannu a takarda ɗaya kafin magini ya aza bulon farko.